Awon Gonar Baba Amos

A bazarar 1983 Sulemanu, malamin gona daga Funtuwa, ya zo Tsiga raba gonar gado tsakanin Baba Amos da ƙanensa Luka. Liatu, 'yar Baba Amos, ita ta riƙe masa bakin igiyar awo. Wata biyu ke nan da binne mahaifiyarta, duk ta rame.

"Malam, gonar nan a karkace take. Yaya za ka san girmanta?"

"Sai in yanka ta alwatika-alwatika, wato masu kusurwa uku. Kowace ɗaya, gindi sau tsayi, a raba biyu. Sannan a haɗa su duka."

Ta maimaita a hankali. Suka haɗa ido, ta sunkuyar da kai.

Awon ya ba Luka fadama. Damina ta zo da fari, dawar Baba Amos da ke tudu ta ƙone ƙurmus. Da Sulemanu ya turo manyansa neman aure, tsohon ko tabarma bai shimfiɗa musu ba.

"Wanda ya raba ni da fadama ba zai raba ni da 'yata ba."

Sai wasiƙu, ta hannun direban motar Bakori.

"Sanyin idona, yau darasin kaso ne. Rabin rabi shi ne rubu'i. Ga kwafin awon gonarku, ki gwada hannunki. Ban iya cin abinci. Naki, Sulemanu."

Kwana shida Liatu tana zagaya gonar da igiyar guga, tana lissafi a bayan wasiƙar. Sai ta gano kuskure a awon. Ta rubuta tana hawaye:

"Malamina, alwatikar gindin ɗorawa sau biyu ka ƙirga ta a rabon Baba. Ka yafe mini."

Mako uku shiru. Ta ɗauka ya yi fushi, ta daina zuwa tasha.

Ranar kasuwa sai ga shi a ƙofar mai gari, ya sa an kira 'yan'uwan biyu. Ya durƙusa.

"Baba, kuskurena ne ya jawo maka yunwar bana. Na kai kaina ofis, an rage mini girma. Liatu ce ta gano."

Baba Amos ya dube shi.

"Dawata ba za ta dawo ba," ya ce. "Amma tashi, ɗana."

Aka sake awo, rabin fadama ya dawo. Luka kuwa bai ƙara taka gidan ba.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren a coci, ba kiɗa, abinci kaɗan. A bakin ƙofa Liatu ta fashe da kuka.

"Da Mama tana nan..."

"Ina nan, sanyin idona," in ji Sulemanu, ya riƙe hannunta.

Baba Amos ya ɗora tafukansa a kawunansu.

"Ubangiji ya ba ku ruwan da ya hana ni. Ku je lafiya."