Farin Zanin Ƙarfe Goma

"Wa ya kwashe mini shanya?"

Rahamatu na tsaye a saman benensu tana kallon igiya wayam.

Gwaggo Azumi ta leƙo daga matakala, da farin zanin gado ninke a kafaɗarta.

"Ni ce, 'yar nan. Ƙasimu ne ya ce hadari ya taso. Kin taɓa ganin an bar shanya ruwa ya dake ta?"

"Ƙarfe nawa kika sauke, Gwaggo?"

"Oho... kafin labaran ƙarfe goma dai."

Rahamatu ta zauna dirshan a ƙasa. Ko ɗigon ruwa bai sauka a unguwar Agege ta Legas ba ranar.

Uwaisu ma'aikacin auna yanayi ne a filin jirgin sama. Kowace sa'a yakan hau saman ofis da madubin hangen nesa, ya nemi alamominsa: tankin ruwa, hasumiyar masallaci, sai benen Alhaji Badaru mai fataucin shanu, mil biyu cif. In benen ya fito, sai a gaya wa matuƙa jirgi ana gani har mil biyu. A wannan aikin ne ya saba da ganin wata mai shanya. Bai huta ba sai da ya nemo gidan da ƙafarsa, ya iske Rahamatu ce, 'yar Alhaji.

Shekara biyu suna son juna, shekara biyu Alhaji na kafe.

"Mutumin da zai ce gobe za a yi ruwa? Ni ba boka zan ba 'yata ba."

Ƙasimu kuwa, ɗan wan Alhaji mai sayar da fatu, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta, kullum sai ya ƙara gishiri.

Da kuɗin man fetur suka yawaita, aka kawo wata na'ura mai auna iska da zafi da kanta, da kyamara mai ɗaukar hoton gari duk bayan minti goma sha biyar. Aka ce ma'aikata sun yi yawa, Uwaisu ya zaɓa: ko a mai da shi Arewa, ko ya zauna a rage masa matsayi.

A tashar motocin haya na danfo ya gaya mata, bai lura da Ƙasimu a bayansu ba.

"Rahama, sanyin idona, na gaji da jiran abin da ban gani ba. Ran Juma'a ƙarfe goma zan duba benenku. In na ga farin zani, na san Alhaji ya yarda, na zauna ko shara zan yi. In ban gani ba, sai in sa hannu in tafi Arewa."

"In kuma ka duba ba ka gani ba, ka sake dubawa mana..."

Ya yi murmushi.

"A aikinmu sau ɗaya ake dubawa, a kan minti. Abin da ido ya gani shi ake rubutawa, ba abin da zuciya ke so ba."

Kwana uku tana kuka a gaban mahaifinta. Da asubar Juma'a ya sauko.

"Ki ce ya turo magabatansa."

Ƙarfe tara ta shanya zanin, ta sauka ta ɗora girki har da waƙa. Da ta koma sama ne ta tarar da igiyar wayam.

Ta ja mayafi ta fita, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba. Cunkoson Juma'a ya riƙe danfon har bayan azahar. A ƙofar ofis ta tarar da Yashim, abokin aikin Uwaisu.

"Sista, Oga Uwaisu ya tafi. Tun goma da kwata ya sa hannu, ya shiga jirgin sha biyu."

Ya buɗe mata littafin aiki. Rubutunsa ne, tsaf kamar kullum: ƙarfe goma, gari garau, benen Agege ya fito.

Bayan mako guda Yashim ya zo har gida da hotuna biyu da aka wanke daga kyamarar. A na goma saura kwata, ga ɗan farin ɗigo a saman bene. A na goma daidai, babu.

"Da ma bai taɓa yarda da mashin ɗin nan ba," in ji Yashim. "Ya ce ƙarfe ba ya da ido."

Ta sa hoton farko a ambulan ta aika wa Uwaisu. Wasiƙar ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, don sau biyu ana sauya masa wurin aiki. Rahamatu ta rame, ta daina amsa gaisuwar Ƙasimu, ba ta kuma sake amsawa ba har abada. Gwaggo Azumi kuwa ko igiyar ba ta iya kallo.

A wata na bakwai amsa ta zo, layi uku.

"Rahama, na ga zaninki. Hoton ya iske ni kwana tara bayan ɗaurin aurena da 'yar kawuna. Ki yafe mini, da ma na sake dubawa."

Ta karanta sau ɗaya ta ninke.

Ran nan Yashim ya gaya mata an soke alamomin daga littafi, na'ura ta karɓi aikin, ba mai hawa sama kuma.

"To yanzu wa ke duban benenmu?"

"Babu kowa, Sista."

Ta gyaɗa kai. Da Juma'a ta zagayo, ƙarfe tara, ta hau ta shanya farin zanin. Wannan karon ba ta sauka ba, ta zauna a gindin igiyar har goma ta wuce.