Gawar da Ta Kuɓuce a Kurmin Gora

Rana ta kusa faɗuwa muka baro kasuwar Pushi, ni da Kawu Deshun, ƙanen mahaifiyata. Ina goye da kwandon gishiri da barkono, shi kuma yana dogara sanda yana tari. Da ƙuruciyarsa ya daɗe a gidan ibadar mabiya addinin Tao na kan dutse yana koyon faɗa, kuma shi ya koya mini. Naushi kaɗan ne a karatunsa, yawanci zama ne da sarrafa numfashi.

"Qiuyun, kina haki kamar bauna a fadamar shinkafa," in ji shi.

"Kawu, ai gara hakina da wannan tarin naka."

Muna shiga kurmin gora muka ji ƙararrawa. Kowa a yankinmu ya san ta. Masu tayar da gawawwaki da tsafi su kora su zuwa garuruwansu ne ke kaɗa ta don mutane su kauce. Amma wannan ba kaɗa ta ake yi ba. Jan ta ake a ƙasa.

Kwaɗi suka yi tsit. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙen turare da ruɓaɓɓen nama.

Dif. Dif. Ƙafa biyu na dira tare.

Kawu ya damƙi hannuna. "Ta kuɓuce wa mai korarta," ya raɗa mini. "Ba ta gani, numfashi take bi. Kada ki gudu. Kada ki riƙe numfashin, zai ƙwace miki. Sauke shi ƙasan cibiya, ki sirantar da shi."

Sai ga ta. Gawar wani dogon mutum cikin baƙar riga, hannuwa a miƙe, rawayar layar da ake sarrafa ta da ita ta yage a goshinta, igiyar ƙararrawar ta harɗe mata ƙafa.

Ta tsaya a gabana.

Hancinta ya taɓa kuncina. Sanyi kamar dutsen rafi.

Na sauke numfashin. Na ja shi siriri kamar zare. Ta shinshina wuyana, ta fara juyawa.

A nan na ji tari yana taso wa Kawu a ƙirji. Tsoro ya buge ni, iska ta kuɓuce mini.

Kan gawar ya juyo gare ni.

Kawu ya ja baya, ya saki tarin da ƙarfi, da gangan. Tsalle ɗaya ta yi ta cafke kafaɗunsa, ta kai bakinta daf da nasa, tana zuƙa.

Bai kai mata duka ba. Ya fitar da iskar cikinsa a hankali har ta ƙare, sannan ya tsaya cak. Ƙirjinsa bai sake motsi ba.

Ta jira.

Ta jira.

Sannan ta sake shi ya zube, ta bi gangare tana dira.

Na yar da kwandon na goya shi. Sai a ƙofar gida na ji ya ja numfashi.

Kawu ya ƙara shekaru a duniya, tarin ma ya bar shi. Amma idan sanyi ya sauko, bakin kowa na fitar da tururi, ban da nasa. Karen gidanmu ya daina shiga ɗakinsa.

Wata rana na ce, "Kawu, me ta ɗauka a jikinka?"

"Abin da na ba ta. Zubo mini shayi, 'yar nan."

Na zuba masa daga kan wuta, yana tafasa. Ya shanye, ya ce shayin ya huce.