Bari In Je Tudu In Dawo

"Mutala, wa ya ba ka izini?"

Tun kafin ya ɗago daga tulin ƙarafan da yake warewa ya gane muryar. Zelia ce tsaye a ƙofar shagonsa na kayan mota a unguwar Abossey Okai, mayafinta ya zame, idanunta sun yi jawur.

"Masoyiyata, shigo mana, rana tana..."

"Kar ka ce mini masoyiya! Maganar da na faɗa maka ina kuka, ita ka ɗauka ka kai talabijin?"

Shi dai Mutala da rana mai sayar da kayan mota ne, ranar Lahadi bayan magariba kuma shi ne Falalu, direban nan na wasan Hausa da ake nunawa a talabijin. Wasan nasu ba rubuta shi ake yi ba. Mai shiryawa zai ce, "Yau za ka bar matarka, faɗi duk abin da ya zo bakinka," sai a kunna kyamara. Abin da ya zo bakin Mutala kuwa shi ne: "Bari in je Tudu in dawo."

Da waɗannan kalmomin mahaifin Zelia ya fita daga gidansu a unguwar Maamobi, wai za shi kasuwar Tudu, tana goye a bayan uwarta. Yau shekara ashirin da ɗoriya, ko labarinsa babu. Ban da ita da uwarta, Mutala kaɗai ya san wannan.

"Wallahi suɓutar baki ce, Zelia. Ban shirya ba..."

"Suɓutar baki? Ka hau motar haya, trotro, ka ji! Kwandasta yana kiran 'Tudu, Tudu,' fasinja suna amsawa 'in dawo!' suna ta dariya. Ubana ke nan ake yi wa dariya, Mutala. Uwata ke nan!"

Ya miƙo hannu, ta ja baya.

"Goron da ka ce mutanenka za su kawo, su riƙe abinsu."

Ta juya ta tafi. Har ta isa tasha hawaye bai bar ta ta ga hanya sosai ba, don wallahi tana sonsa, son da ita kanta yake ba ta haushi.

Falalun nan kuwa ya raba Zango, unguwannin Hausawa, gida biyu. Mutum ne mai kyauta har ta yi masa yawa: ya sace sarƙar auren matarsa ya sayar don a yi wa abokinsa aiki a asibiti, kunya ta kore shi daga gida, ya bar ta da tsohon ciki. Mata a bakin famfo ba su da aiki sai tsine masa. Maza a wurin mai shayi su ce ai rai ya ceta. Wata mai sayar da kifi a kasuwar Nima ta watsa wa Mutala ruwan wanke kifi, tana cewa, "Je ka gaida matarka, mara kunya!" Kai, mutanenmu! Su ga mutum a akwati, su rantse a gidansu ya yi laifin.

Duk wannan bai dami Zelia kamar yadda tunanin uwarta ya dame ta ba. Mma Amama mai koko da ƙosai ce a bakin titi, kowa ya zo saye da maganar Falalu yake zuwa. Zelia ta yi ta kaffa-kaffa, da ta ji an ɗauko zancen sai ta kawo wani. Ba ta sani ba ashe duk Lahadi, idan tsohuwar ta ce za ta gaida mara lafiya, gidan Hajiya Sabuwa take zuwa, inda rabin unguwa ke taruwa a gaban talabijin mai baƙi da fari.

Can Zelia ta same ta wata Lahadi, a bayan kowa, a kan ƙaramar kujera. Ana nuna Falalu a wani gari mai nisa, abinci a gabansa ya kasa ci.

"Munafuki!" in ji wata. "Ya ci mana, ya shaƙe!"

Sai ga muryar Mma Amama, a hankali: "Ku bar shi haka. Ba ku san abin da ya tare shi a hanya ba."

"Haba Mma! Wannan azzalumin?"

"Wanda ya ce zai dawo, lokacin da ya faɗa da gaske yake."

Zelia ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama wasan. A hanyar gida ta riƙo hannun uwar.

"Mma, me ya sa kike kallon abin da zai ƙona miki rai?"

"Ina so in ga ko zai dawo."

"Wasa ne fa, Mma..."

"Na sani, 'yar nan. Ban haukace ba. Amma ni ba wanda ya taɓa nuna mini abin da ya faru bayan ya sha kwanar gidanmu."

A ranar Zelia ta gane dalilin da ya sa tsofaffin silifas ɗin nan na namiji suke bayan ƙofarsu, ana share ƙarƙashinsu a mayar da su. Ta daɗe tana ɗauka mantuwa ce.

Bayan 'yan makonni Mutala ya tare ta a bakin lungunsu. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ba biko na zo ba. Ki hana Mma kallo ranar Lahadi."

"Saboda me?"

"Mutane sun matsa sai an hukunta Falalu. Mai shiryawa ya ce kashe shi za a yi. Na roƙe shi har da durƙusawa ya bar shi ya koma gida, ya ƙi." Ya matso kusa da ita. "Abu ɗaya na samu ya yarda da shi... Ki dai hana ta, Zelia, don Allah."

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce kanta na ciwo, ta ce a zauna a tsince wake. Mma Amama ta dube ta kawai, ta yafa mayafi. Dole ta bi ta.

Aka nuno Falalu ya hau mota. Kwandasta na kiran "Maamobi, Maamobi!" A cinyarsa akwai burodi, da wata 'yar rigar jariri da ya saya, bai ma san namiji aka haifa ko mace ba. Yana ta maimaita abin da zai faɗa wa matarsa in ya isa. Sai ƙara, sai allon ya yi duhu. Da hoto ya dawo, burodin ne yashe a gefen titi.

Wadda ta fi kowa tsine masa ita ta fara rushewa da kuka. Wani ya ce, "Alhaki ne!" aka yi masa ca.

Mma Amama ta miƙe a hankali.

"Ashe yana hanya," ta ce. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe yana hanya..."

Zelia ta rungume ta, suka yi kukan da ba su taɓa yi tare ba.

Washegari ba a ga koko a bakin titi ba. Mma Amama ta jiƙa shinkafa, ta fito da tanda. Rana ta uku ta soya masa, wato waina, cike da kwano, irin wadda ake rabawa a addu'ar mamaci. Ta ɗauko silifas ɗin daga bayan ƙofa, ta wanke, ta ba wani tsoho mai gadi sadaka.

"Kira mini yaron nan," ta ce.

"Mma, shi ne fa ya..."

"Shekara nawa ina jiran wanda zai kawo mini labarin mijina? Shi ya kawo. Kira shi."

Mutala ya zo ya durƙusa a tsakar gida, ya kasa ɗaga kai.

"Mma, ki yafe mini. Sirrinku na tona."

"Ka tona, kuma ya yi zafi." Ta dube shi. "Wa ya ce a sa shi a motar Maamobi?"

"Ni ne, Mma. Sun ce sai ya mutu. Na ce to, ya mutu fuskarsa na kallon gida."

Zelia ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Mma Amama ta ɗauki masa ta farko ta sa masa a hannu.

"Ci, ka yi wa surukinka addu'a. In an yi arba'in, ka turo mutanenka da goron."

Ya ɗago, hawaye na zuba a kan masar.

"Amma Mutala," ta ce, tana riƙe da hannun 'yarta gam, "duk ranar da za ka je Tudu, ka tafi da ita."