Zangon da Bai Kafu Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, ruwan da ya kwana yana zuba ya ɗauke, amma sama ba ta washe ba. A wani ɗaki a hawa na tara na Unguwar Masaƙa, cikin Sabuwar Funtuwa, wata tsohuwar kwamfuta tana ta ƙugi a hankali. Koren layin da ke fuskarta ya ja jiki har tsakiya, ya tsaya, sai rubutu ya fito: “Zango bai kafu ba.”

Karo na huɗu ke nan. Ilu mai gyara ya sosa ƙeya, ya gyara zama a kan tabarma.

Shi zango, a bakin masu gyara, wuri ne da ake sa na'ura ta ajiye kamanninta na yau, yadda idan gobe ta rikice sai a ce mata ta koma inda ta yada zango. A wannan rana kuwa kowa a garin zango yake kafawa, don da ƙarfe biyu Uwar Na'ura ta gari za ta turo sabuntawa zuwa kowane gida. Sabuntawar ba ta san aikin hannu ba. Duk abin da mutum ya haɗa da kansa sharewa take yi, sai wanda ya yi zango ne zai iya maido da nasa. Kashe na'ura ma ba dabara ba ce, ranar da aka kunna da sabuntawar za ta farka.

Abin da ke cikin wannan kwamfuta kuwa aikin hannu ne. Mai ɗakin, Iya Tasalla, ɗanta na fari ne ya haɗa shi, lokacin da ya samu aiki a gonakin hasken rana na arewa. Ya tara muryarsa da barkwancinsa ya koya wa na'ura, don ta riƙa taya uwarsa hira kafin ya zo hutu. Shekara uku ke nan da wutar gonar ta kama shi ya rasu. Muryar dai tana nan.

“Iya, kin sha maganinki?” in ji muryar daga kwamfuta.

“Na sha, sarkin sa ido. Ba ka ga muna da baƙo ba?”

“Na gan shi. Tun ɗazu yake mini cakulkuli a ciki. Malam, in ka ga goro a nan na Iya ne, ɓoyewa take yi.”

Tsohuwar ta yi dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Ilu ma ya murmusa, amma idonsa na kan agogo.

Ya bi hanyoyin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, don shi bai iya aikin gaggawa ba. Ya duba ma'aji ko wuri ne ya yi kaɗan, ya kwashe tarkacen shekaru, wuri ya samu. Ya gwada, zango ya ƙi. Ya leƙa wajen mai ɗaukar inuwa, wato ɓangaren da ke kwafar komai kafin a ajiye, ya tarar yana barci, ya tashe shi. Ya ƙi. Ya sallami mai gadin ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, ko shi ke tare hanya. Nan ma layin ya zo tsakiya ya coge. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya gano inda matsalar take. Ɗakin da muryar ke zaune a cikin ma'ajin a kulle yake, mai ɗaukar inuwa yana zuwa ƙofar yana juyowa.

“Iya, na ga abin,” in ji shi. “Makulli ne na murya, kuma muryarki yake so. Abu ne mai sauƙi. Sunan mai na'urar kawai za ki faɗa.”

Tsohuwar ta dube shi kamar ya zage ta.

“Ɗan nan, ɗan fari ne fa.”

Sai a lokacin Ilu ya tuna. Tun da ya shigo bai ji ta kama sunan ba, daga “yaron nan” sai “shi wancan”. Mutanen garin sun hau jiragen ƙasa masu tafiya a iska, sun bar wa injuna girki, amma akwai tsofaffin da har yanzu ba sa faɗin sunan ɗan fari. Shekara talatin da huɗu ya yi a duniya, ba ta taɓa kiransa da sunansa ba ko sau ɗaya.

“Shi ya shirya wannan,” ta ce, tana hararar kwamfutar. “Tun yana ƙarami yake cewa sai ya sa na faɗa. Kai, ka buɗe wa bawan Allah ya yi aikinsa.”

“Ba ni da makullin, Iya,” in ji muryar. “Yana bakinki.”

Ilu ya gwada faɗin sunan da kansa, don yana rubuce a gefen fuskar, na'ura ta ce ba muryar ba ce. Ya nemi wata ƙofa ta baya, babu. Marigayin ya iya aikinsa. Rubutu ya nuna sau uku kaɗai za a yarda tsohuwar ta gwada.

Ta matso, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, “Yaron nan ne.”

Na'ura ta ƙi. Saura biyu.

Ta tashi ta shiga kicin, ta ɗauraye kofin da yake a wanke, ta dawo. Ta tambayi Ilu ko yana da iyali, ya ce yana da mata da 'ya ɗaya. Ta tambayi mutanen ina ne su. Ya amsa mata duk, bai katse ta ba, agogo kuwa yana ta cin lokaci. Da ta sake matsowa, leɓɓanta sun motsa, amma abin da ya fito bai fi numfashi ba. Na'ura ta ce ba ta ji ba. Saura ɗaya.

“Iya,” in ji Ilu a hankali, “bari in fita waje. Ba wanda zai ji sai ke da shi.”

Ya tsaya a baranda yana kallon motocin haya suna wucewa a kan wayoyinsu tsakanin benaye. Ya daɗe. Can sai ya ji ta ta cikin ƙofa, da murya sarai, irin ta uwa mai kiran yaro ya shigo cin tuwo.

“Zakariyya.”

Sai dariya ta fashe a ɗakin. Wannan ba muryar da na'ura ke haɗawa ba ce, muryarsa ce ta gaske da ya ɗauka ya ajiye, har ana jin iskar gona a bayanta. “Na'am, Iya! Kin ga bakinki bai karye ba. Sai na zo hutu ki maimaita mini a gabana.”

Da Ilu ya shigo ya tarar ta dafe ƙasa da hannu biyu. Ya danna zango. Ƙarfe biyu saura minti ashirin da biyar. Na'ura ta rubuta cewa tana bukatar minti arba'in, kuma muryar za ta yi shiru har a gama, don ba a ɗaukar inuwar abin da ke motsi.

Ilu ya ga lissafin, ya kuma san abin da yake nufi. Yana iya tsayar da aikin ya ce mata, Iya, ba za mu kai ba, ki yi hira da shi ki yi sallama. Maganar ta zo masa har baki. Amma ya sha ganin layin nan ya yi gudu a ƙarshe, kuma shekara goma yana gyara ba a taɓa cewa na'ura ta gagare shi ba. Sai ya ce, “Za mu kai, in sha Allahu.”

Suka zauna, su biyu, suna kallon layi. Ya wuce tsakiya, inda ya saba cogewa. Tsohuwar ta ce, “Ya wuce ko?” Ilu ya ce ya wuce. Ya kai kashi saba'in. Ya kai saba'in da takwas. Ƙarfe biyu na cika, ladanin unguwa ya fara kiran azahar, fuskar kwamfutar ta yi fari fat.

Da kwamfutar ta dawo, wata murya ce mai daɗi, mai ladabi, wadda ba ta kowa ba.

“Barka da rana. An sabunta na'urarku. Da wane suna za a riƙa kiranku?”

Ilu ya shiga ma'ajin yana nema. Rabin zango ba zango ba ne, sabuntawar ta share shi tare da sauran. Ɗaukar dariyar ma tana cikin ɗakin da aka buɗe, ta tafi.

“Ka ce masa ya yi magana mana,” in ji Iya Tasalla.

“Iya, ba ya nan. Na ga lokacin ba zai isa ba tun farko. Da na faɗa miki, da kun yi sallama. Ki yafe mini.”

Ba ta dube shi ba. Ta jawo mayafinta ta lulluɓe kwamfutar da shi, har ƙasa, ta gyara gefe da gefe. Daga ƙarƙashin mayafin sabuwar muryar ta sake tambayar da wane suna za a riƙa kiranta. Garin da ya iya sabunta gida dubu ɗari a cikin minti ɗaya, bai iya jiran tsohuwa ɗaya minti goma sha biyar ba. Ilu ya miƙa hannu ta ƙasa ya rage sautin har ya mutu.

Ya tattara kayansa ya yi sallama, ba a amsa ba. A bakin ƙofa ya ga butarta a kife, babu ruwa, ga shi an kira salla. Ya ɗauka ya je famfon baranda ya cika ta, ya ajiye kusa da takalmanta, inda hannunta zai kai ba sai ta sunkuya sosai ba. Ya ja ƙofar a hankali, ya bi matakala ya sauka.