Fitilar Lungu

"Ita ce! Wallahi ita ce take lalata min aiki da na juya baya!"

 Injiniya na tsaye a falo da jakar aiki a kafaɗa, yatsarta a miƙe saitin 'yar Goggo, wadda ke durƙushe tana shafa wa Mama magani a gwiwa.

Da safen nan Mama ta zame a banɗaki. Ta yi ta danna madannin kiran da ke rataye a wuyanta har yatsarta ta gaji, ba wayar da ta yi ƙara. Kusan awa guda tana kwance a ƙasa. Injiniya kuwa ita ta haɗa wa gidan komai, fitilu, makullin ƙofa da wannan madannin, don ta nuna wa dangin Auta, ɗan Mama da za ta aura, cewa ba a banza take hawa tsani ba. Saura wata ɗaya aurensu.

"Ni?" 'Yar Goggo ta ɗago a hankali.

"Ke fa! Sau biyar ana kirana. In ina nan komai lafiya lau, ina fita sai madannin ya mutu. Aljani ne?"

Kowa a gidan ya san 'yar Goggo ta taɓa son Auta, shi ya sa maganar ta samu wurin zama. Auta ya dubi 'yar uwar tasa, idonsa jajir.

"Da ran mahaifiyata za ki yi wasa?"

"Ba sai ka kore ni ba, Yaya," ta ce. "Gobe zan tafi."

Yaya Babba, yayar Auta, wadda dama tun farko ba ta ƙaunar wannan aure, ta tafa hannu.

"Madalla! Tun ba ki shigo ba kin fara raba mana gida."



Washegari da hantsi Injiniya ta dawo da ƙarfinta, hujja ta zo nema. Tun daga bakin ƙofa ta buɗe taswirar netwok ɗin gidan a wayarta, abin da ba ta taɓa yi ba sai ta ajiye jaka ta zauna. Komai kore, madannin Mama ne kaɗai ja.

Akwai wani ɗan lungu tsakanin falo da ɗakin Mama, nan take ajiye jakarta a kan wani tsohon tebur. Wurin da duhu ko da rana, don haka ta kai hannu bango ta kunna fitila kamar kullum.

Jan ya koma kore.

Ta tsaya cak.

Ta kashe... ja.

Ta kunna... kore.

"Innalillahi..."

Na'urorin nan ba kowacce ke jin rauta, wato uwar na'urar da ke haɗa su da waya, kai tsaye ba. Miƙa wa juna saƙo suke yi hannu da hannu, kamar magina na miƙa bulo. Bangon ɗakin Mama mai kauri ne, ashe duk kiran da ta yi ta ƙwan fitilar lungun nan yake bi, ba shi da wata hanya. An kashe shi ta bango, hanya ta yanke.

To wa ke kashewa?

Ita da bakinta ta tara mutanen gidan ranar farko, ta yi musu lacca har da ɗaga yatsa: kada kowa ya taɓa makunnin bango, a kashe fitila ta waya. Sun kuwa ji, ba mai taɓawa. Mutum ɗaya ce a duniya take ɗaukar jakarta a lungun nan, hannunta ya tafi bango da kansa, saboda a gidansu barin fitila a kunne laifi ne da babanta ba ya yafewa.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba ta rufe ta. Ita ta bar tsohuwa kwance a banɗaki. Ita kuma ta nuna marar laifi da yatsa.

"Zuciyata? Me ya same ki?"

Auta ne ya durƙusa gabanta. Ta kasa kallonsa, sai ta miƙa masa wayar.

"Kashe fitilar nan."

Ya kashe, ya kunna, ya dubi wayar, ya dube ta.

"Ni ce," ta ce, hawaye na zuba. "Ni nake kashewa duk zan tafi..."

 Sai ya rage murya.

"Ki saurare ni, Injiniyata. Ki gyara kawai. Zan ce na'ura ce ta samu matsala, in lallashi 'yar Goggo ta zauna. In Yaya Babba ta ji wannan, wallahi sai ta ga bayan aurenmu."

Gaskiya ya faɗa, kuma gyaran ba wuya. A jakarta akwai ɗan soket mai miƙa saƙo, in ta soka shi bayan tebur, minti biyu an gama, ba mai sani har abada. Har ta zura hannu ta taɓa shi. Ƙarya ne a ce zuciyarta ba ta raya mata ba.

"In na yi haka, kullum za a riƙa kallon 'yar Goggo ana cewa wa ya sani."

"Ina tsoron rasa ki ne, masoyiyata."

"Ni ma. Amma a gaban mutane na ɓata ta. Tara min su."

Suka taru a bakin lungun. Mama a kan kujera, Yaya Babba hannu a ƙugu, 'yar Goggo da mayafinta, akwatinta a gefe. Injiniya ta ba Mama madannin, ta ce ta danna. Wayoyi suka ɗau ƙara. Ta kashe fitila ta ce a sake. Shiru.

Ta faɗi komai, ba ta rage ko kalma ba, sannan ta zube gwiwa biyu gaban 'yar Goggo.

"Na yi miki ƙazafi. Don Allah ki yafe min."

"Ahaf! Ban faɗa ba?" Yaya Babba ta yi tsalle ta dire. "Ilimin ke nan? Auta, in dai ni na goya ka..."

"Ya isa," in ji Mama.

'Yar Goggo ta share ido da bakin mayafi.

"Na so Yaya, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma Mama ce ta raine ni. Kin zaci zan bar ta kwance a ƙasa saboda namiji?"

Da mari ta yi mata, da ya fi sauƙi. Injiniya ta sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace mata. Sai ji ta yi Auta ya durƙusa kusa da ita.

"Nawa laifin ya fi nata, ƙanwata. Ita ba ta san ki ba, ni na san ki."

Mama ta dubi Injiniya.

"Wa ya kama ki, 'yar nan?"

"Ba kowa, Mama."

"Wa ya sa ki faɗa?"

"Ba kowa..."

"To ku ji da kyau. Rana tana nan yadda aka sa ta, wanda bai so ba ya haɗiye." Ta juya ga 'yar Goggo. "Ke kuma haƙƙinki ne, ba zan ce ki yafe dole ba."

'Yar Goggo ta ɗago ta dubi Injiniya. 

"Ban huce ba tukuna," ta ce. "Amma ba zan bar Mama ba. Ki tashi ki gyara, ki koya min yadda ake duba shi, tunda ni ke kwana da ita."

Ta kama hannun akwatin za ta mayar ɗaki, ya ƙi ɗaguwa. Injiniya ta miƙe da sauri, sai kuma ta tsaya, ba ta san ko tana da izini ba.

'Yar Goggo ta harare ta da jajayen idanu.

"Kallona za ki tsaya yi, matar Yaya? Kama can!"