Muryar da Ta Ce Dubi Hagunka

Gazali ɗalibi ne a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Darasin farko a can shi ne, idan jirage sun yi layin sauka, kowa ya duba kafin ya karya kwana. Ran nan bai duba ba. Sai wata murya ta shigo masa ta rediyo: "Dubi hagunka." Da ƙyar ya kauce wa wani jirgin. Masu kula da sauka suka ce ba su suka yi magana ba, shi kuwa ya ce idonsa ne ya gani. Aka yaba masa.

Da ya zo hutu, ya ari babur daga Tambuwal zuwa Kebbe, inda mahaifiyarsa ke jiran jin labarin daga bakinsa. Da magariba wani dattijo ya tsayar da shi. Ya hau baya, babur ɗin bai ko lotsa ba.

"Kai ne ɗan Zulaihat mai jirgi? An ce idonka ya tsirar da mutane."

"Haka aka ce, Baba."

"Kai ka ganai, ɗana?"

Gazali ya kasa kunne. Muryar ba daga bayansa take fitowa ba. Cikin kunnuwansa biyu take, da ɗan shuuu irin na rediyo.

A mararraba ya fara karya kwana.

"Dubi hagunka."

Ya taka birki. Wata motar tifa marar fitila ta wuce fuu.

Bai iya waiwayawa ba.

"Ba ni na ganai ba, Baba."