Jirgin da Ba Shi da Bene

A wani gari, a wani zamani, yara suna da wani wasa. Kowa zai zana jirgin da zai kai shi taurari, a baje zanen a kan tabarma. Wanda jirginsa ya fi ƙawa shi zai ja tafiyar, saura su bi bayansa.

Akwai wani yaro da ya daɗe yana son ya ja tafiya. Ya zana bene, ya ɗora bene a kan bene, ya sa matakalar zinariya da gadaje masu rumfa.

Kakarsa ta leƙo ta ce, "Kai maigidana, ina ɗakina?"

Ya ce, "Can sama, Iya, kusa da taurari."

Ta ce, "Da waɗannan gwiwoyin? To, sauka lafiya. Ka gaishe su."

Yaro ya dubi zane, ya dubi gwiwoyin Iya, ya goge benen sama. Ya sake duban zane, ya sake duban gwiwoyi, ya goge sauran. Ya zana mata ɗaki a bakin ƙofa, da randa da buta.

Yara suka yi ta dariya, suka ce, "Wannan jirgi ne ko faifai?" Aka sa shi can baya.

Ya dawo gida yana share hawaye. Iya ta karɓi zanen, ta daɗe tana dubawa, sannan ta jawo shi jikinta.

Ta ce, "Bar kukan nan. Tagar ta yi ƙanƙanta, ƙara mata faɗi. Kuma matsa kaɗan, kana tare mini taurari."